Togbe Afede na Ho: shin ya dace sarki ya riƙe kujera kuma ya riƙe kasuwa?

Ɗan Nima:
Salamu alaikum jama'a. Kwana biyun nan ana ta turo mana jerin wai sarakunan Afirka da suka fi kuɗi, kowa sai turawa yake ba mai tambaya kuɗin daga ina suka fito. To ni akwai mutum ɗaya da nake so mu zauna a kansa, Togbe Afede XIV, Agbogbomefia wato babban sarki na masarautar Asogli da ke Ho a yankin Volta nan Ghana. Asalin sunansa James Akpo, an haife shi 1957, ya yi karatun harkar kasuwanci a Jami'ar Ghana da ke Legon sannan ya wuce Yale a Amurka ya yi digiri na biyu. A 1990 shi da Ken Ofori-Atta da Keli Gadzekpo suka kafa kamfanin harkar kuɗi na Databank, a 1994 ya ware ya buɗe nasa kamfanin hannun jari mai suna SAS. Sai a 2003 aka ɗora shi kan kujerar sarauta, wato ya shekara goma sha uku yana juya kuɗi a Accra kafin ma a kira shi Togbe. Abin da nake cewa shi ne wannan mutumin da kuɗinsa ya shigo sarauta, ba sarauta ce ta yi masa kuɗi ba, kuma irin wannan sarkin shi ya fi iya kallon gwamnati ido da ido ya faɗa mata gaskiya tunda ba ita ke ciyar da shi ba. Wanda bai yarda ba bismillah.

Bakanon Kwari:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ni daga Kano nake, ban san mutumin sosai ba, me yake da shi takamaimai? Don mu nan in an ce sarki mai kuɗi Olugbo na jihar Ondo muke ji, mai gidajen man Obat, wanda Forbes ta ce yana da dala miliyan 300 a 2014.

Ɗan Nima:
Alhaji abubuwan nasa a fili suke ba sai an yi ƙiyasi ba. Akwai tashar wutar lantarki ta Sunon Asogli a Kpone kusa da Tema, megawat 560 take bayarwa, kashin farko 200 ya fara aiki a 2010 daga baya aka ƙara 360. Akwai kamfanin jirgin sama Africa World Airlines da ya fara tashi a 2012, yana zuwa Kumasi da Tamale da Takoradi, yana zuwa Legas da Abuja ma, ƙila ka taɓa ganin jirginsu a filin Abuja. Sannan shi ke da mafi yawan hannun jari a kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Hearts of Oak. Ga kuma cibiyar kasuwanci ta duniya da ke Accra, shi ne shugabanta.

Baban Khalifa Aboabo:
Ɗan Nima tsaya kaɗan, ka faɗi gaskiya amma ba ka ƙarasa ba. Ita tashar Sunon Asogli duk da tana ɗauke da sunan masarautarsa mafi yawan jarin na mutanen Sin ne, Shenzhen Energy da asusun nan na raya Sin da Afirka, shi dai shi ya jawo su ya tsaya musu har abu ya tabbata. Shi ma jirgin saman haka, Hainan Airlines na ciki, asusun fanshon ma'aikatan Ghana SSNIT ma na ciki. To tambayata a nan, da a ce shi James Akpo ne kawai dillalin hannun jari ba Togbe ba, kana jin ƙofofin nan za su buɗe masa da sauri haka? Ka duba shekarun da kanka, kafin 2003 kamfanin kuɗi gare shi, wutar lantarki da jirgin sama duk bayan ya hau kujera suka zo. Ban ce ya ci haram ba wallahi, amma cewa sarauta ba ta ƙara masa komai ba wannan ban yarda ba, mutum in ya shiga ofishin minista da zanen kente da sarƙar sarauta da masu rakiya ai ba daidai yake da wanda ya zo da jaka a hannu yana jiran sakatare ba.

Ɗan Nima:
Yaya na ji, amma sarakuna nawa ne a Ghana? Manyan sarakuna masu daraja ta ɗaya kawai sun haura ɗari biyu, duk suna da kente da masu rakiya, wanne ne ya kawo tashar wuta? Kujera tana buɗe ƙofa na yarda amma in ka shiga ba ka san lissafi ba haka za ka fito.

Hajiyar Ashaiman:
Ni abin da ya sa nake girmama bawan Allahn nan maganar kuɗin sallama ce. Ya shugabanci Majalisar Sarakuna ta Ƙasa daga 2016 zuwa 2020, kuma duk wanda ke kan wannan muƙamin kai tsaye yana cikin Majalisar Ba Shugaban Ƙasa Shawara. Da suka gama wa'adi, a 2022 aka zuba masa sidi dubu 365 da ɗoriya a asusu wai kuɗin sallama, ya mayar da su baitulmali ya ce aiki ne na ɗan lokaci wanda an riga an biya shi albashi da alawus a kai, bai dace a ƙara masa wannan ba alhali talakawa na cikin wahala. Ku tuna wace shekara ce fa, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, mu masu saye da sayarwa kullum ka je sari sai ka tarar farashi ya canza. A cikin duk manyan da suka karɓi irin kuɗin nan shekara da shekaru wa kuka ji ya mayar?

Baban Khalifa Aboabo:
Hajiya Allah ya ƙara girma, abin a yaba ne ba musu. Sai dai mai jirgin sama in ya mayar da sidi dubu 365 ba zai kwana da yunwa ba.

Hajiyar Ashaiman:
To ai shi ne maganar Ɗan Nima tun farko ƙanina, don yana da nasa shi ya sa ya iya mayarwa. Kuma masu kuɗi nawa ne da suka fi shi suka karɓa suka yi shiru? Wadata ba ta hana kwaɗayi. Kuma da ya mayar ɗin ai bai sha da daɗi ba, har a talabijin aka zauna ana caccakarsa ana cewa neman suna yake, ana lissafa masa zaman da ya halarta da wanda bai halarta ba, in da neman kwanciyar hankali yake ai da ya riƙe abinsa ba wanda zai ji.

Malam na Tudu:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, ina so in kawo wani ɓangare da ba a taɓo ba. Sayyidina Abubakar Allah ya ƙara masa yarda ɗan kasuwa ne, da aka yi masa mubaya'a aka gan shi ya ɗauko tufafi zai tafi kasuwa kamar yadda ya saba, Sayyidina Umar da Abu Ubaida suka tare shi suka ce an ɗora maka al'amarin Musulmi kuma za ka kasuwa? Ya ce to da me zan ciyar da iyalina? Sai aka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali ya bar fatauci. Hikimar a bayyane take, shugaba in ya shiga kasuwa ba wanda zai iya taya kayansa da gaskiya, ba wanda zai iya gasa da shi, in kuma rikici ya haɗa shi da wani ɗan kasuwa wa zai raba? Ibn Khaldun ma ya yi dogon bayani cewa kasuwancin mai mulki yana cutar da talakawa yana kuma rage kuɗin shiga. Togbe ba Musulmi ba ne, ba kuma ina auna shi da ma'aunin halifa ba, amma illar ɗaya ce ko a ina.

Lauya Ɗan Tamale:
Allah gafarta Malam, hujjar tana da ƙarfi amma a ganina ba ta hau kan wannan ba. Halifa shi ke da baitulmali, shi ke naɗa alƙali, shi ke da runduna. Sarkin gargajiya a Ghana yau ba ya karɓar haraji ba shi da ɗan sanda ba shi da kurkuku, shari'ar da kundin tsarin mulkin 1992 ya bar wa majalisun sarakuna ita ce ta rikicin sarauta, wa ya cancanci kujera wa bai cancanta ba. Sashe na 276 ma ya hana sarki shiga siyasar jam'iyya, in yana son takarar majalisa sai ya sauka daga kujera tukuna. Wanda maganar Malam ta hau kansa a yau shi ne minista ko shugaban ƙasa da ke da kamfani a ɓoye.

Inda sarki ke da ƙarfi na gaske a ƙasar nan shi ne ƙasa, filaye. Kusan kashi 80 cikin ɗari na filayen Ghana a hannun gargajiya suke, a kudu sarakunan kujera, mu nan arewa sarakunan da ke zama kan fata irin su Ya-Na na Dagbon. Sashe na 267 ya tsara yadda za a raba kuɗin hayar filin kujera, kashi 10 na ofishin da ke tattarawa, abin da ya rage kashi 25 na kujera, 20 na majalisar gargajiya, 55 na ƙaramar hukuma. Amma wannan kuɗin haya ne kawai, babban kuɗin da ake bayarwa lokacin da aka yanka maka fili wanda ake cewa kuɗin abin sha ne na sarki, shi ba ya bi ta wannan rabon, kuma a nan ne rigingimu suke, fili ɗaya a sayar wa mutum biyu uku, 'yan daban tsaron fili, shari'a shekara da shekaru. To a ƙasar Ewe inda Togbe yake yawancin filaye na dangi ne da zuri'a ba na kujera ba, ba kamar Asante ba. Don haka in ana neman sarkin da ya yi kuɗi da filin talakawa ba nan za a duba ba.

Malam na Tudu:
Na gamsu da bambancin da ka kawo Lauya, Allah ya saka. Amma saura ɗaya. Mutumin da ya zauna cikin majalisar da ke ba shugaban ƙasa shawara kuma kamfanin da yake da hannu a ciki yana sayar wa gwamnatin wuta yana bin ta bashi, wannan fa? Ko bai yi komai ba ai zuciyar mutane ba za ta natsu ba.

Baban Khalifa Aboabo:
Yauwa Malam, nan nake son a zo. A watan Oktoba 2024 Sunon Asogli ta kashe injinanta saboda bashin dala miliyan 259 da take bin kamfanin rarraba wuta ECG, megawat 560 suka fita daga layi lokaci guda ana saura wata biyu zaɓe, sai da gwamnati ta biya wani abu suka kunna a Nuwamba. Duk wanda ya rayu a zamanin dumso, wato lokacin yawan ɗauke wuta daga 2012 zuwa 2016, ya san me ake nufi in an ce wuta ta ragu, mai walda ya zauna mai sayar da ƙanƙara ya zauna tela ya zauna. A matsayin ɗan kasuwa hakkinsu ne, ba wanda zai yi ta ba da kaya bashi har abada. Amma a matsayin uban ƙasa fa? Sarki uban kowa ne, in wuta ta ɗauke har da talakawansa na Ho abin zai shafa. Mutum ɗaya riga biyu, in suka ci karo wacce zai cire? Wannan ita ce damuwata ba yawan kuɗinsa ba.

Ɗan Nima:
Yaya kai da kanka ka ce mafi yawan jarin na mutanen Sin ne, to yanzu kuma ka ɗora masa kashe injin shi kaɗai? Kuma laifin na wanda ya sha wuta ya ƙi biya ne ko na wanda ya samar? Ba su kaɗai ke bin bashin ba, duk kamfanonin wuta masu zaman kansu sun sha yin barazanar kashewa saboda abu ɗaya. In da babu tashar gaba ɗaya ai da megawat 560 ɗin ma ba mu da su balle a yi maganar kashewa.

Baban Khalifa Aboabo:
Ban ɗora masa shi kaɗai ba, cewa na yi sunan masarautarsa ke jikin tashar, in an yaba shi ake yabawa, to in an yi kuka ma dole a kalle shi.

Phobia Har Abada:
Ku bar ni in shigo ta ɓangaren da ya fi ci mini rai. Hearts of Oak tun 1911 take, mun ɗauki kofin zakarun Afirka a 2000, mun ɗauki kofin Confederation na 2004 a hannun kulob ɗin Asante Kotoko a Kumasi ma kuwa. Tun da kulob ya koma hannunsa gasar lig sau ɗaya muka ci, kakar 2020/21 lokacin koci Samuel Boadu da muka haɗa da kofin FA, shi ma daga baya aka sallame shi, a kakar 2023/24 sai a wasan ƙarshe muka tsira daga faɗawa rukuni na ƙasa. Hearts fa. Na san ya zuba kuɗi, filin atisaye na Pobiman abu ne da shugabannin baya suka yi ta alkawari ba su yi ba shi ya tashe shi, wannan ba zan hana shi ba. Amma matsalar ita ce in shugaban kulob ɗan kasuwa ne zalla za mu fito mu yi masa ihu a filin wasa mu ce ya sauka, shi kuwa wannan sarki ne, kana buɗe baki dattawa za su ce ka zagi kujera. Wanda ba a iya faɗa masa ya yi kuskure ta ina zai gyara?

Hajiyar Ashaiman:
Ai kuwa kuna faɗa masa, kullum a rediyo magoya bayanku suna kansa ba dare ba rana, ban ji an kama kowa ba.

Phobia Har Abada:
Hajiya faɗa daban, a ji daban.

Bakanon Kwari:
Na ƙaru sosai wallahi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Lauya ya ce sarauta tana cikin kundin tsarin mulkinku. Mu a Najeriya kundin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba, gwamna ne ke ba da sanda kuma shi ke karɓewa, kuɗin masarauta daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, filaye kuma tun dokar 1978 suna hannun gwamna. An cire Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996, an cire Sarkin Gwandu Jokolo a 2005, Sarki Sanusi na II wanda ya shugabanci First Bank ya yi gwamnan Babban Banki, mutum ne da ya zo da sunansa da abin hannunsa, amma a Maris 2020 aka sauke shi a rana ɗaya, wata gwamnati ta dawo da shi a Mayu 2024. Don haka Ɗan Nima maganarka cewa kuɗi ke sa sarki ya iya faɗin gaskiya rabi ce, a wajenmu ko kana da kuɗi takarda ɗaya ta ishe ka. Abin da ke kare Togbe doka ce ba aljihu ba.

Lauya Ɗan Tamale:
Haka yake Alhaji. Sashe na 270 ya hana majalisar dokoki yin wata doka da za ta ba wani mutum ko hukuma ikon amincewa da sarki ko janye amincewa, an sa wannan ne saboda abin da ya faru zamanin Nkrumah da gwamnati ke cire sarakunan da ba sa tare da ita. Masu naɗa sarki su ke iya sauke shi ta hanyar majalisun sarakuna. Shi ya sa a 2019 da gwamnatin Akufo-Addo ta shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 17 ga Disamba don a bar jam'iyyu su shiga zaɓen ƙananan hukumomi, Majalisar Sarakuna ƙarƙashin Togbe ta fitar da sanarwa tana cewa a ƙi, wasu sarakunan suka fito suka ce ba da yawunsu ba, aka yi ta ja, ƙarshe shugaban ƙasa ya soke ƙuri'ar. Shekara ta zagayo a 2020 aka yi zaɓen shugaban majalisar sarakunan ya sha kaye a hannun Ogyeahoho Yaw Gyebi II na Sefwi Anhwiaso. Kujerar Asogli dai tana nan ba wanda ya taɓa ta.

Ɗan Nima:
Alhaji doka tana kare kujera na yarda, amma doka ba ta sa mutum ya buɗe baki. Sarakunan Ghana duk dokar nan ta rufe su amma da yawa in ɗan siyasa ya zo gaisuwa sai yabo da roƙon hanya da mota, saboda suna jiran abin da za a ajiye. Shi kuwa ya sha rubuta dogayen maƙaloli da sunansa yana sukar Babban Bankin Ghana kan tsadar kuɗin ruwa, lokacin da suka kai shi kashi 30 cikin ɗari a 2023, yana cewa ba mai sana'ar da zai ci bashi a haka ya tsira, bankuna ne kawai ke cin riba. Kuma a lokacin wa ke ministan kuɗi? Ken Ofori-Atta, wanda suka kafa Databank tare. Sai an haɗa biyun, doka ta tsare maka kujera, aljihunka ya tsare maka baki.

Baban Khalifa Aboabo:
Kuma mai kamfanonin da ke cin bashin banki shi ma zai amfana in kuɗin ruwa ya sauka, kar a manta da wannan. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar da ta yi daidai da aljihunsa ce. Ni ranar da zan cire masa hula ita ce ranar da zai goyi bayan abin da zai rage masa riba don talaka, misali a sake duba yarjejeniyoyin wutar nan da ake biyan kamfani da dala ko an sha wutar ko ba a sha ba.

Hajiyar Ashaiman:
Kai dai Baban Khalifa ba a iya maka. Ni tambayata ga 'yan zango, mu da kakanninmu fatake ne, goro da shanu suka kawo su Salaga da Kumasi, Alhassan Dantata ma ta fataucin goro tsakanin nan da Kano ya tashi, sarakunan zangonmu na farko ai masu masauki ne da dillalai, kasuwa ce ta ba su sarautar. Yau wane sarkin zango ne zai iya jawo masu jari su gina ko da masana'antar sarrafa fata ce a unguwarsa? Yaranmu na zaune ba aiki. Wannan ya fi damuna a kan ko Togbe na da riga ɗaya ko biyu.

Malam na Tudu:
Hajiya kin taɓo babban abu, amma ki raba shi da wannan ki buɗe masa nasa zaren don zai yi tsawo. Lauya kafin a tashi, shin dokar Ghana ta wajabta wa sarki ya bayyana kadarorinsa kamar yadda ake sa minista?

Lauya Ɗan Tamale:
A'a Malam, sashe na 286 masu riƙe da muƙaman gwamnati ya lissafa, shugaban ƙasa da mataimakinsa, ministoci, 'yan majalisa, alƙalai, jakadu da makamantansu, zama sarki shi kaɗai bai sa mutum cikin jerin. Su ma waɗanda ke ciki a rufe suke miƙa takardar ga Babban Mai Binciken Kuɗi, jama'a ba sa gani sai in kotu ko hukumar bincike ta nema. Shi ya sa duk adadin da ake liƙa wa sarakuna a jerin da Ɗan Nima ya ambata ƙiyasi ne.

Phobia Har Abada:
To a fara da Hearts, tunda an sayar wa magoya baya hannun jari ai muna da hakkin a kira taron masu jari duk shekara a karanta mana lissafi. Baban Khalifa kai ɗan Kotoko ne na sani, ku naku kulob ɗin na Asantehene sarkin Asante ne, ku wa kuke tambaya?